Goggo Talatu Mai Maganin Tsutsar Awaki

Goggo Talatu ba ta amsa gaisuwar mutum sai ta duba idonsa. Ku da kuka zauna a Zongon Kwatano a zamaninta kun san abin da nake nufi. Kana cewa "Ina kwana, Goggo," kafin ka rufe baki ta kai babban yatsa ta ja fatar idonka ta ƙasa, ta leƙa. In ta ga ja, sai ta ce, "Lafiya lau ka kwana," ta sake ka. In ta ga fari-fari, sai ta girgiza kai ta ce, "Suna shan ka."

Masu shan kuwa tsutsar ciki ce. A wurin awaki ta koyi wannan dubawa, don akuyar da tsutsa ta shanye wa jini cikin idonta fari yake komawa. Sai dai Goggo ba ta taɓa yarda cewa akwai wani babban bambanci tsakanin akuya da ɗan Adam ba. Ranar da aka kawo mini matata Rabi, tana lulluɓe ana ta guɗa, Goggo ta ratsa mata ta ɗaga mayafin ta ja mata ido. Ta ce, "Amarya kam ba ta da komai. Angon nan dai a jiƙa masa magani."

Ƙanwar mahaifina ce. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu na gado, ta kama ɗakin ƙurya da filin da ke bayansa, ta cika shi da awaki. Da su take ci, da su take sutura, kuma ba ta taɓa miƙa wa wani ɗan'uwa hannu ba. Ni Habu, lokacin ina tuƙa taksi, ni ne kuma ɗan aikenta na dole.

Maganinta ba ɓoyayye ba ne. Baƙaƙen ƙwayoyin nan na cikin gwanda take shanyawa ta daka, ta haɗa da ganyen aduruku da sassaƙen maɗaci da ɗan tafarnuwa, ta jiƙa su kwana. Sayen gwanda kuwa ba ta taɓa yi ba. Kowace Laraba sai na kai ta kasuwar San-Mishel, ta bi masu yanka gwanda da bokitinta tana kwashe ƙwayar da za su zubar. Wata rana wata mai gwanda ta gane abin yana da amfani, ta ce daga yau sai an biya. Goggo ta ajiye bokitin ta ce, "To. Shekara nawa ina kwashe miki shara? Mu fara lissafin wannan tukuna." Matar ta cika mata bokiti har da ƙarin gwanda guda.

Tana da doka ɗaya da ba ta karyawa: abin da ba ta sha ba, akuyarta ba ta sha. Duk sabon haɗi ita ke fara kurɓa. Akwai ranar da ta ƙara maɗaci fiye da ƙima, ta shiga makewayi tun hantsi. La'asar ta yi ba ta fito ba, gida ya cika da masu riƙe da buta suna jiran layi. Mahaifina ya buga ƙyauren ya ce, "Talatu, kina da rai?"

Daga ciki ta amsa, murya a shaƙe, "Yaya, wannan haɗin ya yi. Ka ce wa Habu awaki rabin ludayi za a ba su."

Awakinta duk suna da suna. Zamanin da gwamnati ta sa kowa ya riƙa kiran kowa kamarad, wato abokin gwagwarmaya, tana da wani ƙaton bunsuru mai wari da ta sa wa Kamarad, wai don ba ya aikin komai sai tsoma baki a kwanon wasu. Muka yi ta roƙonta ta rage murya in za ta kira shi. Da aka yi babban taron ƙasa, rediyo ya wuni yana kawo muhawara, kowa ya sami bakin magana, sai ta sayar da Kamarad ga mai tsire. Ta ce zamaninsa ya wuce. A makon aka haifa mata wata 'yar akuya ja mai farin goshi da ba ta rufe baki dare da rana. Ta sa mata Konferans, kamar yadda ake kiran taron. Duk garken ba wadda take so kamarta.

Da zaɓen 'yan majalisa ya matso, jam'iyyu suka fito kamar ciyawar farkon damina. Alhaji Bawa, wanda ke fiton tsofaffin motoci daga tashar jirgin ruwa, ya tsaya takara. Ɗan unguwarmu ne, a gaban Goggo ya yi rarrafe. An gaya masa cewa duk matan Zongo da ke kiwo wurinta suke karɓar magani, kuma maganarta suke ji. Sai ga shi da yamma da maroƙa da samari masu riguna da hotonsa. Ya durƙusa cikin babbar rigar shadda ya ce, "Goggo, ɗanki ne ya zo neman albarka."

Ta ja masa ido. Ta daɗe tana kallo.

"Bawa, kana da tsutsa."

"Goggo, ƙuri'a na zo nema."

"Na ji. Amma mai tsutsa ba ya ƙoshi. In na tura ka majalisa da su a ciki, ku nawa za mu riƙa ciyarwa?"

Mata sun cika tsakar gida suna kallo. Goggo ta shiga ɗaki ta fito da moɗa cike da jiƙo, ta kurɓa ta miƙa masa. Alhaji Bawa ya dubi moɗar, ya dubi matan, ya ga ƙuri'u sun kai ɗari a tsaye. Ya rufe ido ya shanye. An ce a taron da ya je daga nan, yana cikin alkawarin kwalta da famfo ya miƙa wa na kusa da shi lasifika ya nufi mota da sauri.

Bai ci zaɓen ba. Na tambayi Goggo ko ta ma jefa masa.

"Na jefa masa mana," in ji ta. "Duk cikinsu shi kaɗai na tabbata cikinsa a wanke yake."

Abin da ya kusa karya ta a daminar shekara ta gaba ya faru, kuma rowa ce ta ja mata. Harawar da ake kawowa daga arewa ta yi tsada. Wata ƙawarta da ke zaune a Laji, bakin tafki, ta ce mata ruwan da ya mamaye unguwarsu ya ja baya, ciyawa ta fito har gwiwa, ba mai ita. Goggo ta fi kowa sanin cewa ciyawar fadama gidan tsutsa ce. Ita ce ke hana matan unguwa yanko ciyawa mai raɓa. Amma kalmar "kyauta" ta shiga kunnenta ta ƙi fita.

Na ce, "Goggo, ke fa kika ce wurin da ruwa ya kwanta ba a kai akuya."

Ta ce, "Akuyar wasu. Nawa tsutsa ta san uwarsu."

Sawu uku na yi da taksina ina kai awaki Laji. Wata guda fasinja na shiga suna tambayata ko daga mayanka nake.

Sati huɗu suka yi can. Da na kwaso su, ko ni da ban san komai ba na ga an sami matsala. Gashinsu ya tashi, ƙasusuwan baya sun fito, gindinsu duk zawo, wasu ƙarƙashin haɓarsu ya kumbura kamar an cusa ruwa. Goggo ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana jan ido. Ba ta ce "suna shan ka" ba.

Ta daka magani ta ɗura musu. Ta ninka ta sake ɗurawa. 'Yan ƙanana biyu suka mutu rana ɗaya. Bayan kwana uku wata tsohuwar akuya da ta shekara takwas a hannunta ta kwanta, da ƙyar mahaifina ya samu ya sa mata wuƙa. Goggo ta kife turmi a bakin garke ta zauna a kai. Rabi ta kai mata abinci, ta dawo da shi yadda ta kai. Matan da ke zuwa da kwalabe karɓar jiƙo suka fara wucewa ta ƙofar gidanmu da sauri, suna gaisuwa daga nesa. Wannan ya fi mutuwar awakin yi mata ciwo, ko da yake ba ta faɗa ba.

Akwai wani likitan dabbobi da nake yawan ɗauka a mota, sunansa Kojo, ɗan ƙabilar Fon ne kuma Kirista. Ya yi aiki shekaru a arewa, can bakin iyakar Nijar, ya dawo da Hausar kasuwa mai daɗin ji. Ban shawarci kowa ba na je Agla inda yake da ɗan shagonsa na ɗauko shi. Kun san mu nan in za mu girmama mai ilimin boko da Faransanci, mushe muke cewa. Sai na shiga na ce, "Goggo, ga Mushe Kojo, likitan dabbobi."

Ta ɗago kai daga kan turmin.

"Wa ka ce?"

"Mushe Kojo."

"Habu, awakina suna mutuwa, ka rasa wanda za ka kawo mini sai mushe? Ai wanda nake gudu ke nan."

Kojo ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce, "Mama, ki kira ni Kojo kawai. Ni ma sunan nan ya dame ni a arewa."

Bai jira izini ba ya tsuguna ya kama akuya ɗaya ya ja mata fatar ido. Goggo ta miƙe tsaye.

"Wa ya koya maka wannan?"

"A lakwal, Mama, makarantar boko."

"Kuɗi aka biya?"

"Shekara biyar."

Ta dube ni ta ce, "Ka ji ɓarna."

Ya buɗe jakarsa ya fito da wata farar jarka da sirinji babba, ya ce wannan za a ɗura wa kowace a baki, gwargwadon nauyinta. Goggo ta ce ba akuyar da za ta sha sai ita ta ɗanɗana. Ya ce na dabbobi ne, ba na mutane ba. Yana cikin bayani ta fizge sirinjin ta ɗiga a harshe. Ta tauna baki, ta tofar.

"Ba ɗaci. Wannan ai koko ne. Tsutsar da ta sha maɗacina ba ta mutu ba, koko ne zai kashe ta?"

Aka yi ta ja. Ni na gaji na ce, "Goggo, in kin ƙi, nan da sati ba sauran akuya a gidan nan." Ta harare ni. Can sai ta ce tunda yanzu zamanin dimokuraɗiyya ne, a yi zaɓe. A raba garke jam'iyya biyu, tata da ta likita, kowa ya yi wa nasa magani kwana goma, a ga wanda zai ci. Ita ce kuma hukumar zaɓe. Ta zaɓo biyar da suka fi kowa jin jiki, waɗanda ko tsayuwa ba sa iyawa sosai, ta ɗaura musu tsumma shuɗi a wuya ta ce na likita ne. Masu dama-dama ta riƙe.

Kojo ya ce, "Mama, wannan ai maguɗi ne."

Ta ce, "Ka kai ƙara."

Akuya ɗaya ce ta ɓata mata lissafi. Konferans tana cikin waɗanda suka fi jigata, ga ciki tana ɗauke da shi. Kojo ya nuna ta ya ce wannan ma a ba shi. Goggo ta tsaya tsakaninsa da ita ta ce, "Wannan 'yar gida ce."

Kwana biyar, masu tsumma shuɗi suka tashi. Zawo ya tsaya, suka fara ture juna a kan kwanon dusa. Na Goggo ma, in faɗi gaskiya, yawancinsu sun ɗan murmure. Konferans kuwa kullum baya take yi. Akuyar da ta hana unguwa barci ta daina kuka. Rana ta shida ta kwanta ta miƙe wuya a ƙasa.

Ina wanke mota a ƙofar gida bayan azahar, sai ga Goggo da mayafinta na unguwa.

"Habu, akwai mai a motar nan?"

"Akwai, Goggo. Ina za mu?"

"Ɗauko Konferans."

Ta zauna a baya, kan akuyar a cinyarta, tana shafa mata farin goshin. Daga Zongo zuwa Agla tafiya ce mai nisa, ga ramuka cike da ruwa, ga 'yan zemijan masu acaɓa suna kutsawa ta kowane gefe. Kullum in na ɗauke ta sai ta zagi tuƙina tun daga ƙofar gida har mu dawo. Ran nan ko da na faɗa rami ba ta zage ni ba. Sau ɗaya na dube ta a madubi, na kau da kai, don ba za ta so in ga abin da na gani ba.

Muka tarar da Kojo a bakin shago yana cin gasasshiyar masara. Ya taso. Goggo ta fito ta gyara mayafi ta tsaya ƙyam.

"Ka ji da kyau, likita. Ba ni na zo ba. Akuya ce ta sauya sheƙa. Ni rakiya na yi."

Kojo bai ko yi murmushi ba, Allah ya saka masa. Ya ce, "An karɓe ta, Mama. Jam'iyyarmu ba ta korar kowa."

Ya ɗura mata farin maganin, ya yi mata allurar ƙarin jini, ya ce a bar ta wurinsa kwana biyu. Goggo ta ce ita ma a nemo mata tabarma. Da ƙyar muka lallashe ta. Kafin mu tafi ya ɗebi kashin akuyar ya dama da ruwan gishiri, ya ɗiga a gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubin nan nasu mai ƙara girman abu. Ya ce ta leƙa. Ta rufe ido ɗaya da hannu ta duƙa. Ta daɗe.

"Waɗannan masu kama da ƙwan ƙadangare fa?"

"Ƙwan tsutsar ke nan. Su suke zuba a ciyawa, akuya ta ci."

Ta sake leƙawa. Ta ce, "Shekara arba'in muna faɗa da iyayenku, sai yau na gan ku." Ta miƙe ta ƙara da cewa, "Ƙanana ne ma."

Konferans ta rayu. Ta haifi ɗa guda, ɗan firit, amma ya tashi. Da kwana goman suka cika, Kojo ya zo ya ɗebi kashin jam'iyyun biyu ya duba. Ya gaya wa Goggo tsakani da Allah cewa ƙwan tsutsa ya ragu a nata ma, maganinta yana aiki. Ya ce sai dai in tsutsa ta yi yawa irin ta Laji, shi kaɗai ba ya isa. Ya ce nasa kuma tsada gare shi, in an yawaita ba da shi tsutsa tana sabawa, don haka yana so ya koyi nata.

Daga duk wannan bayani Goggo jimla biyu ta ji: maganinta yana aiki, kuma likita yana so ya koya. Kafin magariba duk Zongo ta san cewa mai shekara biyar a lakwal ya zo ɗaukar karatu wurin Talatu. Washegari mata suka dawo da kwalabensu. Amma na lura daga ranar, duk wadda ta kawo akuyar da haɓarta ta kumbura, Goggo takan ce, "Wannan ta Agla ce. Je ki ce ni na aiko ki." Ta ce gwamnatin haɗin kai suka kafa, shi ministan damina, ita ministar sauran shekara.

Kowace Asabar Kojo yakan zo da littafi da ɗan sikeli. Ya ce, "Mama, ƙwayar gwanda nawa ake sawa?"

"Tafin hannu ɗaya."

"Hannun wa?"

"Nawa mana."

"To wanda ba ya kusa da ke fa?"

"Sai ya zo kusa."

Ya sa ta ɗebo ta zuba a sikeli, ya rubuta. Ya sa ta sake, ya ga nauyin ya bambanta. Ta sake, ya sake bambanta. Ya dafe kai. Ta ce, "Kar ka wahalar da kanka, ɗana. Ranar da na mutu ku yanke hannun ku ajiye a shagonka." Mahaifina ya ce ta ji tsoron Allah. Ta ce ai taimakon ilimi ne.

Shekara shida suka yi a haka. Rashin lafiyarta ta ƙarshe ba ta yi tsawo ba, zazzaɓi ne na kwana huɗu, ta cika da safiyar wata Alhamis, Rabi na riƙe da ita.

Ranar sadakar uku an shimfiɗa tabarmi tun daga zaure har titi. Malamai sun zauna, an jera farantan masa da goro, Alhaji Bawa a sahun gaba, Kojo a can gefe kan benci da baƙar kwat, hula a hannu. Liman ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Sai muka ji ƙyauren garke ya faɗi. Awaki goma sha bakwai suka ɓarko tsakar gida, Konferans a gaba, ta tsufa amma bakin yana nan. Suka hau tabarmi, suka kife farantai, ɗaya ta sa kai a masar da ke gaban liman, wata ta kama gefen rawaninsa tana tauna. Liman bai yanke addu'a ba, yana amin yana jan rawani. Kojo ya tuɓe kwat ya bi su da gudu. Dattawan da suka zo da fuskar makoki suka yi ta dariya suna share ido da hannun riga.

Ni na je ɗaure ƙyauren. Na tarar da kwanon dusa a bushe, bahon ruwa ba ko ɗigo. Kwana uku muna karɓar gaisuwa, gida cike da mutane, ba wanda ya tuna da su. Na girma a gidan nan, na yi aure a ciki, na haifi 'ya'ya, ban taɓa jin kukan yunwa daga bayan ɗakin nan ba sai ran nan. Na zauna a ƙasa cikin kashin awaki da fararen kayana na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Sannan na tashi na jawo ruwa.

Ya Allah, baiwarka Talatu ba ta taɓa sa loma a baki ba sai bayan marasa baki sun ƙoshi. Ka yafe mata kaifin harshenta, Ka sanyaya mata makwanci, Ka shayar da ita abin da ba ɗaci a cikinsa. Amin.